Giga 24 na katin girafik: ya cancanci jika 700?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar wasa. Wani mai shago ya nuna mini katin girafik (katin da ke zana hoton wasa a allo) RTX 3090 da aka yi aiki da shi, ya ce jika 700 na sefa. Na tambaye shi sabon RTX 5070 Ti, sai ya ce wannan giga 16 ne kawai, nasa kuwa giga 24, don haka ya fi ƙarfi. Ina tsoron a cuce ni, kuɗin gumina ne. Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, kada ka biya tukuna.

Farashin adalci yana farawa ne daga kuɗin da kamfani ya sa wa katin ranar da ya fito. Nvidia ta fitar da RTX 3090 a Satumbar 2020 kan dalar Amurka 1,499. RTX 5070 Ti ya fito a Fabrairun 2025 kan 749. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba, kuma babu haraji a ciki. A ƙaddara canji ya kama sefa 600: 749 zai tashi wajen jika 450. Ɗora harajin TVA na kashi 19, ka kusa jika 535. Sai kuɗin duwan, da ɗauko kaya daga Kano ko Dubai, da ribar mai shago, wadda haƙƙinsa ce. Katunan Asus ko MSI masu babbar fanka sukan ɗara farashin tushe, kuma idan kaya sun yi ƙaranci a duniya kowa yana ƙarawa. Duk wannan ana iya lissafa shi a takarda gabanka. Mai sayarwa na ƙwarai ba ya jin haushin a tambaye shi nawa ya sayo.

Yanzu maganar giga, wadda kullum ake cin kuɗin mutane da ita, har ta gundure mu. Giga ba ƙarfi ba ne. Ma'aji ne da katin ke ajiye hotunan wasa kafin ya zana su. Mai zanawar shi ne cif ɗin da ke ƙarƙashin fanka. Ka ɗauki amalanke: faɗinta shi ne giga, san da ke janta shi ne cif. Idan kayanka buhu goma ne, amalanke mai cin buhu ashirin ba za ta riga kowa isa kasuwa ba, sai dai in sanka ya fi ƙarfi. RTX 3060 yana da giga 12, RTX 3080 na farko yana da 10, amma 3080 ya kusa ninka shi gudu. RTX 4060 Ti ya zo iri biyu, mai 8 da mai 16, cif ɗaya ne, bambancin dala 100, kuma gudunsu ɗaya muddin wasan bai cika ma'ajin ba. A nan ne kaɗai giga ke magana: in ya gaza, hoto ya riƙa tsinkewa. In ya isa, ragowar zaman banza yake. Giga 16 ya ishi wasannin yau a allo mai kaifin hoto na 1440p, har da mafi yawansu a 4K da ya fi shi kaifi.

To me ya sa 3090 bai faɗi ba har yanzu? Masu aikin ƙirƙirarriyar basira ne ke neman gigan nan 24, su suka riƙe masa farashi. Kai wasa za ka yi, kuma a wasa 5070 Ti ya fi shi gudu, yana shan wat 300 inda wancan ke shan 350. Kenan za ka biya kuɗin sabo a kan katin 2020, domin abin da ba za ka taɓa ba. Masu wannan ciniki sun san haka sarai. Sun ga mai saye ya riƙe lamba ɗaya a kansa, sai suka mayar da ita tarko, har ana samun tsofaffin katuna da aka sauya wa BIOS, wato manhajar cikin katin, su nuna suna da gigan ƙarya. Wannan algus ne, daidai da zuba yashi a ƙasan buhun gero, kuma a ji tsoron Allah.

Akwai wata matsalar. Da yawa daga katunan zamanin 3090 sun yi haƙar kuɗin intanet na Ethereum dare da rana har zuwa Satumbar 2022. Rabin ma'ajin 3090 a bayan allon yake, inda iska ba ta isa sosai, kuma da ya kai digiri 110 katin ke rage gudu da kansa. Ka tuna zafin Afrilu a Maradi da ƙurar hunturu.

In ka nace sai shi, to a sa shi a kwamfuta kana tsaye. Buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati: 3090 na gaske zai nuna 10496 a gurbin Shaders da 384 bit. Saki manhajar FurMark mai matsa wa kati aiki minti talatin, ka sa ido kan zafin ma'aji da ɗige-ɗigen launi a allo. Duba kan kusoshin baya ko sukudireba ta ci su. Wanda ya ce ba a gwadawa, bar masa kayansa. Ko ya ci gwajin, kada kuɗinsa ya kusanci na sabon 5070 Ti.

Shawarata ka nemi sabon, da rasit mai lambar katin da wa'adin garanti a rubuce. Ware kuɗin alimantasiyon (akwatin ba kwamfuta wuta) mai wat 750 na ƙwarai da regilatar, saboda hawa da saukar kuran. Wayar katin mai ƙafa 16 kuma ka tura ta har ta yi ƙas, kada ka lanƙwasa ta dab da baki, don rashin zamanta daidai ne ke sa ta narke.