Ku Tambaya Mu Amsa: Wuƙar aljihu mai sifirin, ta kai yadda ake zuzuta ta?

Tun da muka taɓo zancen wuƙaƙen aljihu a fitowar da ta gabata saƙonni ke ta shigowa, kuma kusan duk a kan abu ɗaya ne, wuƙar nan mai naɗewa wadda in ka ɗan tura ta da yatsa sai sifirin ɗin ciki ya ƙarasa buɗe ta da kansa, tas! Na tsamo guda biyar daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni aikin wayarin nake a Kaduna, kullum cikin feƙe waya da yanka kwali da tsinke igiyar roba nake, to abokin aikina ya zo da wata wuƙa mai buɗe kanta, wallahi ta burge ni sosai. Shin ta fi sauran inganci ne? In zan saya wacce kake ganin ta dace da ni? Daga wani mai wayarin, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ya burge ka shi ya burge kowa ranar farko, ni ma haka, amma ka riƙe wannan tun yanzu: sifirin buɗewa kawai yake yi, ba ya yanka komai. Ingancin wuƙa yana cikin ƙarfen ruwanta da makullin da ke riƙe ta in ta buɗe da kuma notin da take juyawa a kansa, ƙarar nan da kake ji ko wuƙar banza ma tana iya yin ta.

Asalin abin daga Amurka ne. Wani maƙerin wuƙaƙe Blackie Collins ya fito da irinta a 1995, sai kuma Ken Onion, mazaunin Hawai, ya tsara wa kamfanin Kershaw nasa salon da suka kira SpeedSafe ya shiga kasuwa a 1998, kuma shi ne ya yaɗa ta duniya. A cikin ƙotar akwai wani siririn ƙarfe lanƙwasasshe, idan wuƙar na rufe shi ke danne ta kar ta buɗe, da ka tura ruwan da babban yatsa ko ka danna ɗan kunnen da ke bayansa ya wuce wani geji sai ƙarfen nan ya juya ya cilla ruwan gaba har makulli ya kama. Wasu kamfanonin irin su Benchmade da SOG naɗaɗɗen sifirin suke sawa a kusa da notin, amma dabarar ɗaya ce.

Waɗanda suka daɗe suna riƙe da ita abin da suke yabawa gaskiya ne, kana kan tsani hannu ɗaya na riƙe da waya, ɗayan ya zaro ta ya buɗe ba wata fama, ko da safar hannu ma. Abin da suke kuka da shi shi ne rufewa, don a nan kai da sifirin ne kuke kokawa, sai ka tura shi baya da ƙarfi yatsanka kuma yana kusa da kaifi, wanda bai saba ba nan yake yankewa. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, sifirin yana rufa wa mugun aiki asiri, wuƙar da aka yi mata aikin gaggawa notinta na cijewa in ba sifirin da tun a shago za ka gane, amma da yake an cilla ta da ƙarfi sai ka ɗauka santsi ne. Shi ya sa da wuƙaƙe masu juyawa a kan boris suka yawaita, masu buɗewa sumul ba sifirin ko ɗaya, da yawa daga masu son wuƙa suka koma can.

In dai mai sifirin ɗin kake so, ga waɗanda aka fi sani. Kershaw Leek siririya ce, ruwanta inci 3, ƙarfen 14C28N da kamfanin Sandvik na Suwidin ya ƙirƙiro, yana ɗaukar kaifi da kyau ba ya saurin tsatsa, a jihar Oregon ake ƙera ta, sai dai tsininta kamar allura yake, don yanka aka yi shi, ka kuskura ka ɓanɓare murfin soket da shi sai ya karye. Kershaw Blur ta fi ta jiki, inci 3.4, ƙotar alminiyam mai ɗan kaushi da ba ta suɓuce wa hannu mai gumi, ni a ganina ita ta fi dacewa da irin aikinka. Kershaw Cryo ta fi sauƙin kuɗi, a Chana ake yin ta da ƙarfen 8Cr13MoV, tana dakushewa da wuri in kana yawan yanka kwali amma minti kaɗan a kan dutsen washi ta dawo. Benchmade Barrage mai ƙarfen 154CM wuƙa ce ta gaske amma kuɗinta ba na wasa ba ne.

Kowacce ka ɗauka a hannu, buɗe ta ka kama bayan ruwan ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa, in tana motsi sama da ƙasa ajiye ta, makullin ne ba shi da kyau kuma wata rana a kan yatsunka zai rufe. Sannan ka tuna duk ƙarfe ce ɗan'uwa, ka kashe wuta kafin ka kai ta jikin waya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Tawa shekara biyu ke nan ina mora, amma tun shigowar hunturun nan ta daina buɗewa gaba ɗaya, sai ta tsaya a rabi sai na yarfa hannu. Na ɗiga mata man gyaɗa ta ɗan yi daidai kwana biyu ta koma ma fiye da da. Ta mutu ke nan? Daga wani direban babbar mota, Damagaram.

AMSA: Barka kadai direba. Ina kyautata zaton ba ta mutu ba, ƙura ce ta cika ta, kuma man gyaɗan nan shi ya ƙara dagula lamarin. Wuƙaƙen nan ba a yi su da tunanin ƙurar hunturu irin tamu ba, ƙurar da ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, to ita da zaren aljihu su taru a wajen noti, ka zo ka zuba man girki ya kwaɓe su su zama kamar kunu, bayan kwana biyu man ya yi danƙo ya riƙe komai. Man gyaɗa da manja duk ka raba su da ita.

Samu tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, buɗe wuƙar ka goge cikin ƙotar da kewayen notin sosai kana buɗewa kana rufewa a cikin ruwan, ka ɗauraye, ka yarfe, in akwai mai faci kusa ya busa mata iska, ka bar ta a rana ta bushe ƙarau don ruwan da ya maƙale a ciki shi ke kawo tsatsa. Sai ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya tak kowane gefe, ka goge wanda ya tsiyayo. Da rani gara ta zauna da ƙarancin mai a kan ta yi yawa. In har yanzu tana nauyi, ƙila notin tsakiya ne ya ɗaure da yawa, yawancinsu masu kan tauraro ne, lamba T8 ko T6, masu gyaran waya suna da irin sukundireban, a sassauta shi kaɗan kawai ba zagaye guda ba, in ya yi yawa ruwan wuƙar zai fara rawa.

Amma akwai inda zancen ya canza. In ka ji wani abu na kacau-kacau a cikin ƙotar kuma ruwan wuƙar ya saki gaba ɗaya ba ya ja ba ya turawa, to siririn ƙarfen nan ne ya karye, dama ƙarfe ne da ake lanƙwasawa kullum, yana da ranar gajiyarsa. A nan ina roƙonka kar ka ci gaba da sa ta a aljihu, domin a wasu wuƙaƙen shi kaɗai ne ke riƙe ruwan a rufe, in babu shi tana iya buɗewa a aljihunka kana zaune a kan sitiyari, ko ka cusa hannu neman canji ka ci karo da tsini. Haka ma masu cire sifirin da gangan wai don ta zama ta hannu, su fara dubawa ko tana kama kanta a rufe. Manyan kamfanoni suna da sifirin na canji, in kana da wanda zai taho maka da shi ka sa a kawo biyu. Wajen sawa a buɗe wuƙar tukun don ƙarfin sifirin ya ragu, a naɗe kaifin da salatif, kuma ka ɗauki hoton cikin da waya kafin a taɓa komai.

TAMBAYA: Ɗana zai tafi karatu Kanada kuma jirginsu zai tsaya a Landan, kawunsa ya ba shi irin wannan wuƙar kyauta yana so ya tafi da ita. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa, Sakkwato.

AMSA: Hajiya hankalinki ya yi gaskiya, a bar ta a gida. Ba a shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu ko a aljihu, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, tun farkon 2018 jami'an kan iyakar Kanada suka tsaurara a kan shigo da wuƙaƙe masu ɗan kunnen nan da ke buɗewa da taɓawa ɗaya, suna iya ƙwace ta ko tana cikin babban akwati, yaro sabon zuwa bai kamata ya fara da zaman bayani gaban jami'ai ba. A Ingila kuwa wuƙar da aka yarda mutum ya yi yawo da ita ba tare da wani dalili ba ita ce mai naɗewa wadda ba ta da makulli kuma kaifinta bai wuce inci 3 ba, masu sifirin kuwa kusan duk suna kullewa. Jamus ma ta hana yawo da wuƙa mai kullewa da ake buɗewa da hannu ɗaya ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne a Amurka an bambanta ta da wuƙa mai maɓalli. Dokar tarayya ta 1958 ta takura cinikin wadda ake danna maɓalli a ƙota ta fito, a 2009 hukumar kwastan ɗinsu ta so ta haɗa da masu sifirin ɗin nan, majalisa ta gyara dokar a shekarar ta cire su, hujjar ita ce sai ka tura ruwan da hannunka kafin ta buɗe. Wannan hukuncin Amurka ne, bai bi yaro zuwa wata ƙasa ba. Ko a nan gida ma, yadda ƙwacen waya da faɗan daba suka addabi jama'a, matashin da aka samu da wuƙa mai buɗewa tas a aljihu da daddare zai sha tambayoyi, mai sana'a ya bar tasa cikin jakar kayan aiki.

TAMBAYA: Zan iya yanka ragon layya da ita? Tana da kaifi sosai, har gashin hannu take askewa. Daga wani magidanci, Kumasi.

AMSA: A'a Alhaji, kar ka yi. Ruwan inci 3 ya yi wa wuyan rago gajarta, sai ka yi ta gogawa kana wahalar da dabba, alhali Manzon Allah (SAW) ya umarce mu mu kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Ga jini da kitse da za su shige cikin makulli da gidan sifirin inda wanki ba ya kaiwa. Nemi doguwar wuƙar maƙera ko ta mahauta ka wasa ta tun ana jibi Sallah.

TAMBAYA: Na ga wata a kasuwa an rubuta sunan babban kamfanin Amurka a jikinta, kuɗinta bai kai na buhun siminti ba, mai shagon ya rantse asali ce. In saya? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Ƙanena, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Jabun wuƙaƙen nan sun cika ko'ina, kuma sifirin shi ne abin da suka fi iya kwaikwaya don shi ke sayar da ita. Ƙila shi kansa mai shagon haka aka sayar masa. Duba jikin ruwan, ta asali galibi za ka ga lambar samfurin da sunan ƙarfen a rubuce tsaf, ka sa lambar a intanet ka gwada hoton da wadda ke hannunka, tsawo da yawan notina da inda maƙalin aljihu yake. Rufe ta ka leƙa, ruwan ya zauna a tsakiya ne ko yana gugar gefe ɗaya, tsinin ya ɓuya ko yana leƙowa. Jabun galibi ƙarfensu mai laushi ne, ka yanka kwali biyu ta dakushe, wannan ma da sauƙi, makullin nasu ne abin tsoro.

In kuɗin ke nan a hannunka, ni da za ka bi ta tawa, ka haƙura da sifirin ka sayi wuƙa mai sauƙi ta gaskiya. Okapi da aka fara ƙerawa a Jamus tun 1902, yanzu kuma a Afirka ta Kudu, ko Opinel ta Faransa mai ƙotar itace, lamba 8 ta ishe ka fere rake da lemo da yanka igiya. Hannu biyu ake buɗe su, ba abin da zai karye a ciki, in ka samu mai baƙin ƙarfe sai dai ka riƙa goge ta ta bushe bayan aiki don kar ta yi tsatsa.