Tambayi Gwaggo: Yini ɗaya gare ni a Kano, in je Gidan Makama?

TAMBAYA: Gwaggo, ina wuni? Daga Maraɗi nake, zan zo Kano bikin ƙanwar mijina, kuma bayan an kai amarya ina da yini ɗaya kafin mu juya. Ina sha'awar ganin gidan tarihi na Gidan Makama, amma maigida ya ce tarkacen tsofaffin kaya ne kawai, gara mu tafi Kantin Kwari. Anya ya cancanci a ɓata masa yini?

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Ki ce wa maigidan Gwaggo na gaishe shi, kuma Kwari ba inda za ta je, sai ku same ta da la'asar. Awa biyu sun ishe ki a Gidan Makama.

Gidan yana cikin birni, daf da fadar Sarki ta wajen Ƙofar Kudu, duk mai adaidaita sahu ya san wurin. Tarihinsa na komawa ne ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Kin ga kuwa gida mai shekara sama da 500 ai ya wuce a kira shi tarkace.

Kuskuren da baƙi ke yi shi ne su shiga suna ta leƙen abin da ke cikin gilashi, su fito ba su ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Ni a wurina ginin ne abin kallo na farko. Da kin sa ƙafa a zaure za ki ji wani sanyi ya dake ki, ba fanka ba komai, kaurin bangon ƙasa ne kawai. Tsaya nan ki dubi sama, ki ga yadda magina suka lanƙwasa bakan gizo, wato ginshiƙan ƙasa masu siffar baka da ke ɗauke da rufi, suka jera azara, rufi ya zauna daram babu ƙarfe babu siminti. Zuwana na farko ina budurwa, na daɗe a tsaye baki buɗe har ƙawata ta zungure ni.

Daga nan ki nemi tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa da aka ajiye, ki matsa kusa ki ga ƙarfen da aka lulluɓe su da shi da kawunan ƙusoshin maƙera. Akwai kuma hotunan zamanin da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Maigidanki, in ya yarda ya raka ki, wajen sulke da takubba za ki neme shi ki rasa. Ke kuwa na san inda za ki maƙale: ɗakin amarya irin na da. Tunda daga biki za ki fito, sai ki gwada jeren kakanninmu da wanda kuka yi wa ƙanwar mijinki, ki ga wa ya fi wa.

Kada ki yi zagayen ke kaɗai. Ki nemi ma'aikacin da ke yi wa baƙi bayani, ki yi ta tambaya ba kunya, in kun gama ki ba shi na goro. Ki riƙe kuɗi a hannu don na shiga, bai taka kara ya karya ba. Kafin ki ɗaga waya ki ɗauki hoto, nemi izini.

Ki je da hantsi. In yinin naki ya faɗo Juma'a, ki fito kafin azahar, don babban masallaci na nan kusa, hanya kan cushe. In da sauran ƙarfi, ku biya marinar Ƙofar Mata ki ga yadda ake tsoma yadi a baba, sannan ki bi maigida Kwari ya biya kuɗin atamfa.