Na'urar ƙara sabis a gidan haya: ina doka ta tsaya?

Tambaya: Barista, maigidan da nake haya ya sa na'urar ƙara sabis a gidan. Na ji an ce da irinta ana sauraren kiran mutane. Wane mataki zan iya ɗauka?

Amsa: Malam, fara da gano wace iri ce, domin iri biyu ne. Ta farko tana da eriya a kan rufi da wata a cikin gida, aikinta ƙara wa siginar ƙarfi kawai, ba ta warware sirrin kira. Ta biyu, wadda ake kira femtosel, ana jona ta da intanet ɗin gida ta zama ƙaramar hasumiyar sabis. Haɗarin yana nan: sirrin da wayarka ke lulluɓe kira da shi a cikin akwatin yake warwarewa, kafin a sake kulle shi zuwa kamfani. Wanda ya kutsa cikin manhajar akwatin ya tsaya a wannan tsakanin, kuma wayoyin da ke kusa kan hau kansa ba tare da masu su sun sani ba. A 2013 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta iSEC Partners sun nuna haka a Amurka da na'urar kamfanin sadarwa na Verizon, suka ɗauki kira da saƙonni. A 2011 an bayyana irin wannan a na'urar Sure Signal ta Vodafone a Ingila. Kamfanonin biyu sun ce sun toshe kafar.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin hirar waya. Sashe na 12 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga mai tare sadarwa ba bisa ƙa'ida ba. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma samun kafa a na'ura bai nuna an saurare ka ba.

Inda maigidan ya fi rauni shi ne izini. Hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ce kamfanonin sadarwa masu lasisi ne kaɗai ke da ikon girka na'urar ƙara sabis. In a kasuwa ya sayo, ana iya ƙwace ta ko da bai saurari kowa ba.

Ɗauki hoton na'urar da lambar samfurinta, amma kada ka buɗe ta ko ka jona mata kwamfuta, kada mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Rubuta wa maigidan takarda mai kwanan wata ka tambayi wanda ya girka ta. Kai koke ga kamfanin layinka, ka karɓi lambar koke. In ba su yi komai ba, kira NCC a 622. In kuɗi ya fita daga asusunka, sanar da banki nan take, sannan 'yan sanda. Kada ka goge saƙo ko ɗaya, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 na buƙatar bayanin na'urar da hujjar ta fito kafin kotu ta karɓa.