Malam-buɗe-littafi da 'yan uwansa

Wata malamar firamare daga Zariya ta ce ɗalibanta sun tsare ta da tambaya: me ya haɗa ƙwaro da malanta har ake ce masa malam-buɗe-littafi?

Malama, ki fita da su bakin rijiya da hantsi, inda ƙasa ke da laima. Za su ga ya sauka, ya haɗe fikafikansa sama, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, ga zane a ciki kamar zayyanar allo. Sunan ke nan. Asalinsa ma kiran yara ne, "malam, buɗe mana littafi", jimla guda da ta daskare ta zama suna, irin su faɗi-ka-mutu da ka-fi-zabo. Saboda haka a rubuce sai da karan ɗori. Ina ganin masu rubuta "malam bude littafi" a Facebook, ba lanƙwasa ba ɗori, sai ka rasa ko ƙwaro ake nufi ko umarni ake ba wani bawan Allah.

Tun da an taɓo wajen, bari in yi ƙorafina. Wanda ya raɗa sunan nan ya zauna ya duba. Mu kuwa kome "ƙwaro" ne, kome "tsutsa" ce. Akwai maƙwabcina da ya feshe bishiyar lemunsa da magani saboda tsutsa, bayan wata guda yana cigiyar malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya da ya saba gani a gidan. Shi ya kashe su! Uwar ce ke ajiye ƙwai ɗai-ɗai a kan ganyen lemo. Tsutsar da ke fitowa da farko kamar kashin tsuntsu take, don kada tsuntsu ya kula ta. Tana ci tana saɓa, sau 4 ko 5, har ta koma koriya shar. In ka taɓa ta sai ta zaro wasu ƙahoni biyu daga bayan kai, masu wari. Daga nan ta ɗaure kanta a reshe da zare, ta sandare cikin kwanso ba ci ba sha, mako biyu ko uku, sannan ta fito da fikafikai a jiƙe, a cukuikuye, sai sun bushe ta tashi. Bakin taunar nan ya tafi, saura siririn bututu a naɗe da take zuƙar ruwan fure. Ɗanɗano kuwa da ƙafa take yi.

Na tumfafiya ya fi ba ni sha'awa, ja-ja mai baƙin gefe da farin ɗigo. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, dafin ya zauna a jikinta har girma. Shi ya sa yake tafiyarsa a hankali kamar basarake, tsuntsu bai isa ba.

Wani daga Maraɗi: shin filfilo duk shi ne? Shi ne. Ana kuma kiran abin wasan yara mai juyawa da iska haka.

Wani ɗalibin jami'a ya ce ya ji an kira wanda ke kewaya fitila da dare malam-buɗe-littafi. Wanda ya faɗa bai kyauta ba. Wannan faɗa-wuta ne, sunansa ma ya faɗi halinsa. Da dare yake fita, jikinsa ya fi kauri, in ya sauka shimfiɗa fikafikai yake yi, ba littafin da zai buɗe. Larabawa farasha suke ce wa duka biyun, mu muka raba. Asu mai cin tufa a adaka danginsa ne, haka mai yin zaren tsamiya da ake saƙa riguna da shi.

"Tsutsar nama ita ma nama ce", wace tsutsa ce, in ji wata daga Kumasi? Ta ƙuda ce, Hajiya, ba ruwan malam a ciki. Ma'anar karin maganar ita ce, abin da ya fito daga jikin abu nasa ne, ko ana ƙyamarsa.

Mai tambayar jam'in malam-buɗe-littafi kuma, ba ya da shi. Ka ce "su malam-buɗe-littafi", ka huta.