Ga mai tambayar yadda karatun Lahadi zai bi ta har gida

Salama gare ki, ƙanwata. Kin ce kina zuwa coci kowace Lahadi, kina jin karatu uku da wa'azin Fada, amma kafin ki ɗora tukunyar rana komai ya bi ta bayan kunne, har kina tsoron ko bangaskiyarki ce ta yi sanyi. Ban ga alamar haka ba. Wadda bangaskiyarta ta yi sanyi ba ta damuwa har ta tambaya.

Ni mai sayar da hatsi ce, na kuma daɗe a Zumuntar Mata. Abin da ya taimake ni shi ne kada Lahadi ta zama ranar da na fara jin karatun. Ki nemi ayoyin tun ranar Alhamis ko Juma'a wurin katikis, ki karanta a gida. Ba Fada ne yake zaɓarsu ba. Tun 1969, bayan babban taron Batikan na biyu, aka tsara su a kan shekara uku: shekarar A Matiyu, B Markus, C Luka, Yohanna kuwa ya fi zuwa lokacin azumi da Ista. A yawancin Lahadi an zaɓi karatu na fari ne don ya hau da Bishara, shi kuwa na biyu yana bin wasiƙa ɗaya a jere. Don haka ki daina wahalar da kanki wajen ƙulla su duka uku. Ki ajiye na fari kusa da Bishara, ki duba inda suka haɗu. Littafi Mai Tsarkin naki ma ya zama mai Afokirifa, wato ƙarin littattafan Tsohon Alkawari da ba kowane bugu ne yake ɗauke da su ba, domin wani lokaci daga Sirak ko Hikimar Sulemanu ake ɗaukowa.

Ga misali daga sana'ata. Ran 21 ga Satumba, 2025, karatu na fari daga Amos 8:4-7 ne. Amos makiyayi ne daga Tekowa, ya rayu fiye da shekara 700 kafin haihuwar Yesu, amma sai ka rantse a kasuwarmu ya kwana. Yana magana a kan 'yan kasuwar da suka ƙosa ranar hutu ta wuce su buɗe rumfa, suna rage mudu, suna algus a ma'auni, suna sayar da sharar alkama, suna sayen matalauci a bakin takalmi. Bisharar kuma Luka 16 ce, misalin da Yesu ya bayar na wani wakilin mai arziki da ya ga aiki zai kuɓuce masa, sai ya kira waɗanda maigidansa yake bi bashi, ya ce wa mai bashin mai ya mai da 100 ta koma 50, mai bashin alkama ya mai da 100 ta koma 80. A ƙarshenta Yesu ya ce ba a bauta wa Allah da dukiya gaba ɗaya.

Duk mai harkar hatsi ta san mudu biyu. Akwai mai zurfi na saye a ƙauye, akwai wanda aka ɗan buga wa gindi na sayarwa a gari. Ta san yadda ake sa yatsa a shafe tozon awo ana hira da mai saye, da yadda ake zuba masara mai kyau a bakin buhu, mai ƙwari tana ƙasa. Da muka zauna taron Zumunta a wancan makon, da aka karanta Amos sai da wasu suka sunkuyar da kai. Wata uwa a cikinmu ta ce, to idan ta bar mudu biyu alhali maƙwabtanta ba su bari ba, da me za ta biya kuɗin makaranta? Ba wadda ta yi mata wa'azi, don gaskiya ta faɗa. Abin da muka tsayar shi ne mudu ɗaya, ribar kuwa a sa ta a farashi inda mai saye zai gani, ya taya. Ciniki yakan ɗan ja baya da farko, ba zan ɓoye miki ba. Wasu sun riƙe, wasu sun koma.

Ke ba hatsi kike sayarwa ba, amma kina da naki mudun: ko albashin yarinyar da take taya ki aiki, ko bashin da kika ce gobe tun bara, ko yadda kike auna laifin surukarki da na 'yarki. Abu ɗaya tak za ki ɗauka, wanda hannunki zai taɓa ran Litinin. Masu cika littafi da rubutun wa'azi, ban cika ganin sun sake buɗe shi ba.

Wa'azin ma wani lokaci yakan yi tsawo, mu faɗi gaskiya. Marigayi Paparoma Francis da kansa ya sha roƙon Fadoci kada su wuce minti takwas zuwa goma. In ya kuɓuce miki, ki riƙe amshin Zabura, gajere ne kuma da waƙa yake zuwa, kina wanke-wanke ma za ki iya rerawa. Da dare ki tambayi yara abin da suka ji a coci, kowa ya faɗi nasa kafin a yi addu'a. In kuwa akwai ƙaramar ƙungiyar unguwa da take haɗuwa karatu a tsakiyar mako, ki shiga, ko da mutum biyar ne.