Ka Bar Ayar Ta Yi Magana

Ɗana, jiya bayan sujada ka tsare ni a bakin ƙofa ka ce, "Baba, me ya sa a wa'azi kake ɗaukar littafi guda daga Littafi Mai Tsarki ka bi shi aya bayan aya har watanni? Ai da kan magana kake zaɓa, kamar albarka ko nasara, da majami'a ta fi cika." Maganar ba ta tsaye ba ce, shi ya sa na ce ka zo gida.

Duk mai wa'azi yana da 'yan batutuwan da bakinsa ya saba da su. In kai ke zaɓar kan magana kowace Lahadi, sannan ka shiga farautar ayoyin da za su goyi bayanka, abin da ke cikinka jama'a za su riƙa ji, ba abin da ke cikin Littafin ba.

Ɗauki Filibiyawa 4:13, inda Manzo Bulus ya ce zai iya yin kome ta wurin Almasihu mai ƙarfafa shi, ayar da ɗaliban Samaru ke haddacewa in jarrabawa ta matso. Koma aya ta 10 ka karanto. Bulus yana ɗaure a kurkuku, yana gode wa ikilisiyar Filibi saboda gudummawar da suka aiko masa, yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da wadata da rashi. Wannan ne "kome" ɗin da yake iyawa ta wurin Almasihu. In ka ce wa gwauruwa ayar ta yi mata alkawarin cin nasara a duk abin da ta taɓa, ranar da jarinta ya karye za ta ɗauka Allah ya saɓa alkawari. In kuwa ka buɗe mata ainihin abin da Bulus ya faɗa, ka ba ta abin riƙewa a daren da ba a ɗora tukunya ba.

Akwai kuma ayoyin da ba za ka taɓa zaɓa da kanka ba. Wata shekara ina bin wasiƙar Yakubu, sai muka iso sura ta 5 daidai da kaka. Aya ta 4 tana magana a kan hakkin masu girbi da mai gona ya danne, har kukansu ya kai kunnen Ubangiji. A gabana kuwa ga wani mai hali zaune, 'yan ƙodago suna binsa kuɗin yankan dawa. Gabana ya faɗi, amma na yi wa'azin. Ba wanda ya ce habaici nake yi, don kowa ya san inda muka tsaya makon da ya wuce. Kafin wata Lahadin mutumin ya sallami yaran. Ayar ce ta same shi, ni karanta ta kawai na yi, na bayyana.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce. A Nehemiya 8, Ezra ya hau dakalin katako ya karanta Attaura tun safe har tsakar rana, Lawiyawa, wato masu hidima a Haikali, suna fayyace ma'ana don jama'a su gane. A nan Zariya ma kunnen mutane ya saba da ita. Ka ga maƙwabtanmu da azumi, mai jan baƙi ya ja aya, malam ya yi tafsiri, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Sa'an nan ka tuna wahalar da Likita Mila, wanda ya zauna a birni kafin mishan ta koma Wusasa, ya sha tare da abokan aikinsa har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Sun yi haka ne don talaka ya buɗe da hannunsa. Abin kunya ne ya zo da shi majami'a ya koma bai buɗe ba.

Ga yadda nake yi. Ran Litinin nakan karanta littafin gaba ɗaya, da murya. Nakan tambayi kaina: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ya faru har aka rubuta? Sai in matse saƙon sashen a jimla ɗaya. In ya ƙi matsuwa, ban gane ba tukuna, sai in koma ga addu'a da karatu. Littattafan sharhi sai ran Alhamis. Amma ka kiyaye, kada ka mai da mumbari ajin makaranta. Mai girki ba ta kawo wa baƙo turmi da taɓarya, tuwo take kawowa. Helenancinka, wato harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ya tsaya a ɗaki.

Ban ce wa'azin kan magana haramun ne ba. Ran ɗaurin aure ko jana'iza nakan yi, amma ko a nan sashe guda nake kamawa in zauna a kansa.

Ka fara da wasiƙar Filimon, sura ɗaya ce, aya 25. Karanta ta sau goma, ka rubuto mini a jimla ɗaya abin da Bulus yake roƙo game da Unisimas, bawan Filimon, da dalilin da ya sa ya roƙa bai umarta ba. Ka zo da ita ran Alhamis da yamma, bayan taron zumuntar mata.