Amsa ga mai son komawa ƙauye: fara da rumbu kafin sola

Malam, na ga tambayarka cewa ka kusa ritaya, kana son barin Kano ka koma gona, kuma kana neman sanin abin da za ka tanada saboda ranar da ba a fata. Masu amsa duk sun taru a kan sola da injin ban ruwa. Ba laifi, amma ni da nake noma a kwarin Haɗejiya tun ina saurayi, da hatsi zan fara maka.

Geron da kake son ya kai ka wata kakar, kada ka sussuke shi duka. A zangarniyarsa ya fi daɗewa, dami kan dami a rumbun da aka ɗaga daga ƙasa, rufin ba ya yoyo. Wake ne mai rigima. Bar zuba masa fiya-fiya kamar yadda wasu ke yi, cikin iyalinka zai shiga. Shanya shi ya bushe ƙayau, ka sa a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da kansu za su mutu. Sai dai ɓera in ya huda buhun, aikin ya tashi a banza, don haka kada ya taɓa bango.

Abin da ambaliyar 2022 ta koya mini shi ne kada ka tara komai wuri guda. Rumbuna biyu suna gefen gida, ina ji da su. Cikin dare ruwa ya ci gindinsu, suka zauna. Buhu shida da na bar wa ƙanena a garinsu na kan tudu, wanda a lokacin kasalar ɗauko su ce kawai ta sa na bari, su muka ci har ruwa ya janye. Tun daga nan kashi ɗaya cikin uku can nake kaiwa.

Sai kuɗi. Ka tuna farkon 2023 da aka canza takardun naira, mutum da kuɗinsa a banki amma mudu ɗaya ya gagare shi, masu POS suna yanka yadda suka ga dama. Mu tiyar dawa muke bayarwa a ba mu manja da gishiri. Awaki uku ko huɗu da 'yan kaji su ne bankin ƙauye, ranar kasuwa kake cire kuɗinka.

Bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa. Uwargida ta haddace wannan: ruwa tafasasshe lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba mara lafiya a kan hanyar asibiti. Saran maciji kuwa, musamman kububuwa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tam. Ka san tun yanzu asibitin da ke ajiye allurarsa, domin ba kowa ke kusa da asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ba.

Takardun gona da na makarantar yara su zauna a leda, a rataye sama. Kuma da ka sauka, je ka gaida mai unguwa, ka shiga gayya da jana'iza. Daren da ruwa ya shigo mana, wani maƙwabci da na taɓa taya girbi ne ya zo da kwalekwale ya fara ɗaukar tsohuwata.